Yarinyar da Aka Ce Tana Son Faɗuwa

Ranar sunan jikata a Gaya, ina zaune a tsakar gida ana zuba waina a kwanuka, sai ɗan ƙanena Nura ya shigo gaishe mu tare da abokansa. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi aikin da na yi kafin na ajiye, Nura ya riga ni amsawa. Ya ce, "Gwaggo tafinta ce a asibiti. Marar lafiya ya faɗa da Hausa, ita ta maimaita wa likita da Turanci. Yanzu ai waya ma tana yi." Suka yi dariya, suka ɗauki wainarsu suka fita. Na ci gaba da zuba wainata, don gidan cike yake da baƙi. Amma kalmar nan ta "maimaita" ta tsaya mini a rai har yau. Tunda kuwa ba Nura kaɗai ne mai wannan tunani ba, to ku saurara, da shi da duk wanda ya gama sakandare yake ganin ya gama da Turanci.

Sunana Asabe. Na yi rayuwar aikina tsakanin Gaya da Ajingi, a zaune tsakanin likitan da ba ya jin Hausa da marar lafiyar da ba ya jin Turanci. Yawancin likitocin 'yan bautar ƙasa ne daga kudu, su zo su yi shekararsu su tafi, wani ya zo. Kafin su iya cewa "ina ne yake miki ciwo" lokacin tafiyarsu ya yi. Duk abin da za su sani game da jikin mutumin da ke gabansu, ta bakina yake bi.

Wanda ya koya mini aikin Baba Garba ne, tsohon tafinta tun zamanin likitocin Indiya da na Masar. A lokacin ina koyarwa a firamare a Ajingi. Ya zo har gidanmu ya roƙi mahaifina ya bar ni na bi shi, domin mata ba sa gaya masa gaskiyar ciwonsu, sai su yi ta kewaye-kewaye har likita ya gaji. Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai ƙamus wanda bangonsa ya yage, yake naɗe shi a leda. Akwai ƙaramar rediyo da yake jin labaran Turanci da ita kowace safiya, yana motsa leɓe yana bin mai karantawa. Sai wata 'yar kujera ta katako da ba ya yarda kowa ya matsar. A bayan kafaɗar marar lafiya yake ajiye ta, kaɗan zuwa gefe, don in likita ya ɗago kai ya ga fuskar marar lafiya, ba fuskar tafinta ba.

Damina guda na yi a kan benci a bayansa, bai bar ni na buɗe baki ba. Ranar da ya ga dama, bayan an sallami layi, ya ce, "Asabe, a ce ga mutum nan ya zo daga Kademi. Matarsa ta ce yakan yi tari da jini. Gaya wa likita."

Na ce da sauri, "He used to cough blood."

Baba Garba ya tafa hannu. "Masha Allah! Kin warkar da shi. Sai ya tashi ya koma gona."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Abin da kika gaya wa likita shi ne, a da yana tari da jini, yanzu ya daina. Likita zai ce to madalla, me kuma ya kawo shi yau? Alhali mutumin ko a hanya ya tofar da jini. Ke malamar makaranta ce, haka aka koya miki, haka kike koya wa yara. A aji ba wanda zai mutu. A nan ana mutuwa."

Daga ranar ya sa ni a gaba a kan 'yar ƙaramar kalma ɗaya ta Hausa wadda ba wanda yake lura da ita. Yakan, takan, sukan. Mu da wannan kaɗai muke faɗin duk abin da mutum ya saba. Yakan yi sadaka, yakan yi ƙarya, yakan suma, duk riga ɗaya muka sa musu. Turanci bai yarda da haka ba. Shi dole sai ka zaɓa, kuma duk kalmar da ka ɗauka tana yanke wa mutum hukunci tun likita bai taɓa shi ba. In ka ce "tends to", ka faɗi abin da yakan faru ne kawai, ba ka yabe shi ba, ba ka zarge shi ba. In ka ce "inclined to", ka shigo da zuciyarsa ciki, ka ce can ta karkata, da saninsa. In ka ce "prone to", ka ce wani abu marar daɗi ne ke afka masa, ta nan jikinsa yake da rauni, ba shi ya kira abin ba. Akwai "apt to" da "liable to", waɗanda Baba Garba yake cewa gargaɗi ne a bakinsu, kamar mai ce maka kula, wurin nan da santsi. Sai kuma "fond of". Zan zo kanta.

Akwai wani dattijo manomin gyaɗa daga Kademi, Malam Ado, mai hawan jini. Duk zuwan da zai yi awo, jinin yana sama. Ɗansa da ya rako shi ya ce, "Baba yakan bar maganin." Wanda yake ganin aikin maimaitawa ne, nan take zai juya ya zuba wa likita. To da wace kalma? In mantuwa ce ke kama tsohon, wannan "prone to forgetting" ne, kuma gyaransa a samu wanda zai riƙa miƙa masa ƙwayar da hannu. In kuwa shi ne yake ajiyewa da saninsa, wannan "inclined to" ne, kuma ko duk gidan sun tsaya a kansa ba zai sha ba sai an san dalili. Na roƙi likita ya ɗan dakata. Na juya na ce, "Baba, mantawa kuke yi, ko kuwa akwai ranakun da ba kwa so?"

Ya kalli ɗansa. Na ce wa ɗan ya ɗan ba mu wuri. Da ya fita, tsohon ya sunkuyo ya ce, "'Yar nan, ƙwayar nan fitsari take sa ni. Ranar Juma'a kafin liman ya sauko daga mumbari sai na keta sahu na fita, ni da nake sahun gaba. Ranar kasuwar Ajingi ma haka. To ranakun nan ba na sha. In na ga lafiya ƙalau, sai na ƙara kwana biyu."

Na gaya wa likita cewa "he is inclined to skip it", ga kuma dalili. Ya canza masa ƙwaya. Malam Ado ya rayu har ya aurar da jikoki. Wace waya ce za ta san a fitar da ɗa daga ɗaki kafin uba ya yi maganar fitsari?

Wani direban bas mai jigila tsakanin Ajingi da Kano ya zo da ƙaiƙayin jiki. Likita ta rubuta masa magani, ta ce a gaya masa "it is liable to make him drowsy". Na fara bayani, ya katse ni. "Hajiya, ki faɗa mini magana ɗaya. Zai sa ni barci ko ba zai sa ni ba? Ina da lodi da azahar." In na ce zai sa ka, na yi ƙarya, kuma ranar da ya sha bai ji komai ba ya daina yarda da maganar asibiti ke nan. In na ce wataƙila, a kunnen direba wannan ba komai ba ne. Na ce, "Ba kowa yake kayarwa ba, amma halinsa ne ya kayar, kuma ba ya sallama kafin ya zo. Ranar da ka sha, ba wa wani tuƙin." Ya yi tsaki, ya yi ƙunƙuni, amma ranar bai ja mota ba.

Mafi ba ni wahala ba marasa lafiya ba ne, 'yan rakiya ne masu ɗan Turanci a baki. Miji ya shigo da matarsa tana ciki, ya ture ni gefe, wai shi zai yi bayani. Ya ce wa likita matarsa "is inclined to faint", yana jin ya burge. Shi yana nufin takan suma. Abin da ya faɗa kuwa kamar ya ce ra'ayinta ne ta suma. Sai na jira ya gama, na tambayi matar da kanta, na gyara a hankali yadda ba zai ji an kunyata shi a gaban iyalinsa ba. Wannan ma cikin aikin ne, kuma ba ya cikin ƙamus.

Yanzu "fond of". Wannan kalma malaman makaranta ne suka lalata ta, kuma daga cikinsu na fito, na san yadda ake yi. A rubuta a sakamakon yaro wai "fond of coming late", wai "fond of fighting". Yara suka tashi suna zaton duk inda Bahaushe ya ce "yakan", nan Bature yake cewa "fond of". Alhali ma'anarta so ne, abin da mutum yake jin daɗinsa. Ko a Turancinmu na nan gida da aka murɗe ta, zargi take ɗauke da shi, wato abin da mutum yake yi da gangan, an hana shi ya ƙi bari. Baba Garba ya haramta mini ita a ɗakin likita. Ya ce sai dai in an ce yaro yana son rake.

Baba Garba ya rasu kafin mummunar shekarar, Allah ya ji ƙansa, kuma gara da bai gani ba. A shekarar aka kawo sabon shugaba asibitin da nake. Ya duba ma'aikata ya ce shi bai san wani matsayi mai suna tafinta ba. Wai duk wanda ya yi makaranta zai iya tsayawa ya fassara. Aka sallame ni. Aka ɗauko wani saurayi, Nazifi, wanda wani babba ya kawo, aka ce ya riƙa kiran layi yana kuma yi wa likita fassara. Turancinsa da gudu yake fita, irin na finafinai, har da lanƙwasa harshe. Na je ofishin shugaban na ce ban zo roƙon kujerata ba. Na ce a bar yaron ya zauna a bayana ko na ɗan lokaci ne, kyauta, yadda aka zaunar da ni. Bai ko ɗago daga takardunsa ba. Ya ce, "Hajiya, Turanci ai Turanci ne. Ki je ki huta."

Na koma gida ina koya wa matan aure karatu da yamma.

Wata rana da hantsi, bayan an cire gyaɗa, sai ga masinjan asibiti a kan babur, wai Dakta Bisi tana roƙon na zo yanzu-yanzu. Ita ce likitar wannan shekarar, 'yar bautar ƙasa mai haƙuri, mun ɗan yi aiki tare kafin a sallame ni. Na yafa mayafi na hau.

Tun daga ƙofa na ji warin. Wanda ya taɓa jin warin fatar mutum da ta ƙone ba ya mantawa. A kan gado ga wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, sunanta Zulai, hannunta na dama tun daga yatsu har gwiwar hannu a saɓule. Ta gaji da kuka, sai ajiyar zuciya take yi. Uwarta Hanne, mutuniyar Balan, tana tsugune a ƙasa ta rufe fuska da gefen zani. Nazifi yana jingine da bango yana danna waya.

Dakta Bisi ta ce mini da Turanci, "Mama, yarinyar nan ta faɗa cikin kaskon mai ana suyar ƙuli-ƙuli. Na tambayi yadda aka yi, ya ce mini ai halinta ne, she is fond of falling down. Haka ya gaya mini wancan zuwan nasu ma. Babu yaron da yake faɗawa cikin tafasasshen mai don jin daɗi. Ki tambayar mini uwar."

Na ce Nazifi ya fita. Ya ce aikinsa ne. Likita ta nuna masa ƙofa. Na hango kujerar Baba Garba a lungu an ɗora mata bokiti. Ban taɓa ta ba, na zauna a ƙasa kusa da Hanne.

Na ce, "Sannu, 'yar uwa. Wancan zuwan, me kika ce masa?"

"Cewa na yi takan faɗi. Kuma ko aikenta aka yi takan tsaya ta yi shiru, ta ƙura ido, a yi ta kira ba ta amsawa."

"In za ta faɗi, tuntuɓe take yi?"

Ta girgiza kai.

"Jikinta yana sandarewa?"

Sai ta fashe da kuka. Daga nan komai ya fito. Ido ya juye, haƙora su datse, kumfa a baki, wani lokaci har fitsari. In ta farfaɗo ta yi barci mai nauyi, ta tashi ba ta san an yi ba. Tun bara ake fama. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ɓoye wa maƙwabta. Hanne ta san sunan ciwon sarai, farfaɗiya, amma ta kasa furta shi. A ƙauye ana gudun mai shi, ana cewa ana ɗauka, a hana yara cin abinci kwano ɗaya da shi, har yayyenta mata sai an yi musu gori. Da ta yi ƙarfin hali ta hau mota ta zo asibiti a karon farko, ta tarar da saurayi ɗan gari a tsaye, ƙofa a buɗe, mutanen layi suna jin kowace kalma. Sai ta faɗi rabin magana, tana fatan a tambaye ta sauran.

Ba wanda ya tambaye ta. Abin da ya isa kunnen likita shi ne, ga yarinya mai son zubewa ƙasa da yin kunnen ƙashi in an aike ta. Likita, da layi har waje, ta duba idon yarinyar ta ga jini ya yi ƙasa, ta ba da maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, ta ce a riƙa lallashinta. Hanne ta koma Balan da murna, asibiti sun ce ba komai. Shi ya sa ma da lokacin kaka ya zo, ta bar yarinyar ta zauna a bakin murhu tana taya ta suya.

Na juya na ce wa Dakta Bisi, "She is prone to fits," na jero mata alamomin yadda uwar ta faɗa. Ta ajiye biro. Ta ce, "Da prone ya ce mini, ko da faɗuwar kawai ya ambata, da na bi ba'asi. Kalmar da kanta tana sa ka tambayi me ke kayar da ita." Ta daɗe tana kallon hannun yarinyar, sannan ta hau shirin tura su Kano.

Da na fito na tarar da Nazifi a baranda. Na ce masa, "Ka san abin da ka yi?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ni me na yi? Ta ce takan faɗi, na faɗa. Fond of, prone to, duk ba habit ba ne? Ai same thing ne. Ita ce ta ɓoye."

Ban taɓa ɗaga murya a asibiti ba sai ranar. Na ce, "Ta ɓoye, eh. Duk wanda ya shigo ɗakin nan da abin da ya ɓoye yake shigowa. Shi ya sa ake ajiye mutum a wurin, ba bututu ba! Matar nan ta kawo maka yarinya marar lafiya, kai ka miƙa wa likita yarinya marar ji. Shiga ka kalli hannun nan, ka dawo ka ce mini same thing."

Bai shiga ba. Ya ce shi ba zai tsaya tsohuwa tana ci masa mutunci a gaban jama'a ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Kada ku zaci Nazifi kaɗai nake jin haushi. Shi abin da aka koya masa a aji ya faɗa. Babban haushina yana kan wanda ya ɗauki yaron da bai taɓa zama a bayan kowa ba, ya dasa shi tsakanin uwa da likita, don a ganinsa aikin maimaitawa ne. Dakta Bisi ta kai ƙara, ta sake kaiwa. Aka ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, wa ya musa? Amma ta ofishin wani ta bi kafin ta isa kaskon mai. Nazifi aka ɗauke shi aka kai shi wani wuri mai tebur da fanka. Shugaban ya gama lokacinsa aka yi masa walimar ban kwana. Ni kuma aka aiko mini a ɓoye, ba ban haƙuri ba komai, wai na riƙa zuwa ranakun da layi ya yi yawa. Na koma, don matan ƙauyukan nan ba su yi mini laifin komai ba. A can na ƙarasa har gwiwoyina suka ƙi.

Har na bari kuwa ban samu wanda zan bar wa aikin ba. Duk wanda aka turo mini, in ya ɗan zauna a benci sai ya ce ai ya gane, ya tashi. Yanzu kuma kun ce waya. Ku ba ta "takan faɗi", za ta ba ku Turanci, mai yiwuwa ma mai kyau. Amma ba za ta ga matar tana magana tana satar kallon ƙofa ba.

Zulai ta daɗe a asibiti a Kano. An ceci hannun, amma yatsun sun manne sun lanƙwashe cikin tafin, ba sa buɗewa. Farfaɗiyar kuwa, da aka ɗora ta a kan magani, sai ta lafa. 'Yar ƙaramar ƙwaya ce, wadda take nan a ɗakin maganinmu tun ranar da uwarta ta fara kawo ta. Daga nan labarinta ya yanke mini shekaru.

Kwanakin baya na je kasuwar Ajingi sayen kayan miya, na tsaya a gaban wata mai sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ta auna mini kuka, ta ƙulle ledar da haƙori, ta miƙo mini da hagu. Wata tsohuwa da ke gefena ta yi tsaki ta ce, "Ke wace irin tarbiyya ce wannan, ki miƙa wa babba abu da hagu?"

Sai mai sayarwar ta zaro hannunta na dama daga cikin hijabi ta nuna, ta ce, "A gafarce ni, Inna. Wannan ba ya riƙo."

Hannun na gane, ba fuskar ba. Na ce, "Daga Balan kike?" Ta ce eh. Ba ta san ni ba, kuma ban gaya mata ba. Na karɓi ledata na koma gefe kamar ina gyara mayafi, ina jin ta tana ba mai sayen da ke bayana haƙuri kan hagun, da na bayansa. Kasuwa kuwa ko azahar ba ta kai ba.